Man Kare Fata ko Kwanon Koko? Sake Duba Batun Bitamin D a Jikin Ƙananan Yara a Unguwannin Hausawan Duwala

Tsakure

Maƙalar nan ta auna zargin da ake yi wa man kare fata daga rana, cewa shi ke hana jikin ƙananan yara samar da bitamin D, da yanayin zaman Hausawan New Bell da na iyalan da ke maƙwabtaka da yankin masana'antu na Bassa a birnin Duwala, Kamaru. An dogara ne ga gwaje-gwajen da aka riga aka wallafa, musamman na Jos. Matsayin maƙalar shi ne man ba ya cikin manyan dalilai a wannan muhalli, kuma ƙarancin bitamin D a jinin yaron da aka yaye a kan koko yana iya zama ɗiyan ƙarancin kalsiyam, ba na ƙarancin rana kaɗai ba.

Gabatarwa

Fatar ɗan Adam ce ke haɗa mafi yawan bitamin D da jiki ke buƙata. Wani yanki na hasken rana da ido ba ya gani, wanda ake kira UVB, mai tsawon zango tsakanin nanomita 290 zuwa 315, shi ke dukan wani sinadari da ke cikin fata ya mayar da shi bitamin D3. Daga nan hanta ta juya shi zuwa nau'in da ake aunawa a jini, ƙoda kuma ta juya wannan zuwa nau'in da ke sa hanji ya tsotsi kalsiyam daga abinci. Idan aka samu tangarɗa a wannan layi, ƙashin yaro mai girma ba ya yin ƙwari. Sai a ga wuyan hannu ya kumbura, tafiya ta yi jinkiri, ƙafa ta lanƙwashe kamar baka ko ta yi gwame. Wannan ne ciwon da likitoci ke kira riket.

Duwala na kusa da digiri 4 arewa da tsakiyar duniya, don haka rana tana tsaye a ka duk shekara. Amma gari ne na hadari: ruwan da ke sauka a shekara ya haura milimita 3,500, awannin da rana ke fitowa fili kuma ba su kai 2,000 ba, alhali Kano da Maraɗi na samun kusan 3,000. New Bell kanta an kafa ta ne a ƙarshen mulkin Jamus, lokacin da aka ƙwace filayen bakin kogin Wuri daga hannun 'yan ƙabilar Duwala, rikicin da ya kai ga rataye Rudolf Duala Manga Bell a 1914. Daga baya ta zama unguwar baƙi, Hausawa da Bamileke da Bassa da sauransu, gida na jingine da gida, lungu ba ya wuce faɗin mutum biyu. Tambayar maƙalar ita ce: a irin wannan wuri, me ya fi cancanta a tuhuma?

Waiwaye

Zargin man kare fata yana da tushe, kuma ya kamata a faɗe shi yadda yake. A 1987 Matsuoka da abokan aikinsa, cikinsu har da Michael Holick, sun shafa wa mutane man mai lambar SPF 8 a jiki baki ɗaya, suka haska musu fitilar UV sau ɗaya a ɗakin gwaji, sai aka ga bitamin D3 bai ƙaru a jininsu ba. A kan wannan gwaji kusan duk wani gargaɗi da ake yaɗawa a Facebook da WhatsApp ya ginu, ko da masu yaɗa shi ba su san da shi ba. Sai dai ɗakin gwaji daban, tsakar gida daban. Ana auna lambar SPF ne bisa kaurin miligiram 2 a kan kowace murabba'in santimita ta fata, alhali galibin mutane rabin haka suke shafawa ko ƙasa da rabi, su tsallake bayan kunne da wuya da ƙafa, gumi kuma ya wanke saura. Ko an shafa daidai ma, SPF 15 na barin kashi ɗaya cikin goma sha biyar na hasken ya wuce.

Da aka fita da tambayar waje, amsar ta sauya. Robin Marks da tawagarsa a Ostareliya, a 1995, sun raba mutum 113 gida biyu ta hanyar ƙuri'a, aka ba wasu man SPF 17, wasu kuma man da ba ya kare komai, tsawon lokacin zafi guda. Bitamin D ya ƙaru a ɓangarorin biyu ba tare da wani bambanci na a zo a gani ba. A 2019 Antony Young ya kai masu sa kai daga Folan tsibirin Tenerife na mako guda, aka tabbatar suna shafa SPF 15 yadda ƙa'ida ta ce. Rana ba ta ƙona su ba, bitamin D ɗinsu kuma ya hau. A shekarar ce Rachel Neale ta tattara nazarce-nazarcen da ke ƙasa a mujallar British Journal of Dermatology, ta nuna hujjar cewa man na rage bitamin D a rayuwar yau da kullum ba ta da ƙarfi. Masu zargin har yau suna riƙe da gwajin 1987 kamar ba a sake yin wani bayansa ba.

Akwai ɓangare na biyu, masu cewa baƙar fata a Afirka ba ta da matsalar bitamin D tun da rana kyauta ce. Amsarsu gajeriya ce. Clemens ya nuna tun 1982 cewa baƙar fata na buƙatar haske mai yawa kafin ta haɗa abin da farar fata ke haɗawa, kuma bitar da Reagan Mogire ya jagoranta a 2020 ta samu kusan mutum ɗaya cikin uku na 'yan Afirkan da aka auna yana ƙasa da nanomol 50 a lita.

Hanyar bincike

An zaɓi gwaje-gwajen da aka raba mahalarta ta ƙuri'a, da nazarce-nazarcen da suka kwatanta yara masu riket da lafiyayyu, aka fifita na Afirka ta Yamma. Ma'aunin da aka bi shi ne na matsayar masana ta duniya kan riket ta 2016: ƙasa da nanomol 30 a lita rashi ne, 30 zuwa 50 ƙaranci, kalsiyam ƙasa da miligiram 300 a rana rashi ne ga yaron da ya wuce shekara ɗaya, sama da 500 wadata. Sannan aka ɗora sakamakon a kan yanayin sama da gidaje da cimar Duwala.

Sakamako da tattaunawa

Babban abin da aka gano daga Jos ya fito. A 1998 Pfitzner da abokan aikinsa sun auna yara 218 'yan wata 6 zuwa 35 a garin. Babu ko ɗaya da bitamin D ɗinsa ya faɗi ƙasa da nanogiram 10 a mililita, amma kusan 9 cikin 100 na da alamun riket a jiki. Ga rana, ga bitamin D, ga kuma ƙafa a lanƙwashe. Okonofua ya riga ya hango haka a Ile-Ife a 1991, ya ɗora laifin a kan kalsiyam, amma gwajin da ya yanke hukunci shi ne wanda Tom Thacher da Philip Fischer da John Pettifor suka yi a Asibitin Koyarwa na Jami'ar Jos, aka buga shi a New England Journal of Medicine a 1999.

Yara 123 masu riket aka raba gida uku. Na farko aka yi musu allurar bitamin D mai yawa, IU 600,000 a farko da kuma bayan mako 12. Na biyu aka ba su kalsiyam miligiram 1,000 kullum. Na uku aka haɗa musu duka. Bayan mako 24 aka duba hoton ƙashi da jini. A cikin masu kalsiyam kaɗai, 61 cikin 100 sun kai matakin warkewar da aka gindaya. Masu haɗin biyu, 58. Masu bitamin D kaɗai, 19. Abin da waɗannan yara ke samu na kalsiyam a abinci kusan miligiram 200 ne a rana, wato ƙasa da abin da ke cikin kofin madara guda. Kuma 37 cikin 100 ne kawai bitamin D ɗinsu ya yi ƙasa da nanomol 30.

Waɗannan 37 ɗin ma sai an yi hattara wajen fassara su. Clements da Johnson da Fraser sun nuna a mujallar Nature a 1987, ta gwaji a kan ɓeraye, cewa idan kalsiyam ya yi ƙaranci, homon ɗin faratayirod yana tashi, ya tilasta wa ƙoda ta ƙara fitar da nau'in bitamin D mai aiki, shi kuma wannan ya sa hanta ta riƙa rushe ajiyar bitamin D da sauri. Ma'ana, yaro na iya wuni a rana, fatarsa na aikinta, amma ajiyarsa na zurarewa saboda kwanonsa babu kalsiyam. Likitan da ya ga lamba ta yi ƙasa ya ce wa uwa ta daina shafa wa ɗanta mai, ko ta shanya shi a rana, ya bar jaki yana dukan taiki.

Ba a ce bitamin D ba shi da hannu ba. Wani abin mamaki a gwajin 1999 shi ne lafiyayyun yaran da aka kwatanta da su ma kusan miligiram 200 suke ci, amma bitamin D ɗinsu ya fi yawa. A 2014 Thacher ya ba yara masu riket kalsiyam, ya ƙara wa wasunsu bitamin D wata-wata: 67 cikin 100 suka warke, sauran kuma 44. Abubuwan biyu suna tallafar juna ne. Gwargwadon ƙarancin kalsiyam, gwargwadon yawan bitamin D da jiki zai nema kafin ƙashi ya tsira.

A nan ne Duwala ta fi Jos haɗari ta fuska biyu. Ta fuskar cima, Bahaushen Kano ko Garwa na da fura da nono a ƙofar gida. Shanun da ke isowa Duwala daga Adamawa na yanka ne, ba na tatsa ba, madarar gari kuma sai mai hali. Yaron da aka yaye yakan koma kan kokon masara da tuwo da biredi, da abincin gari irin bobolo da miyondo na rogo, da agada. Duk cikinsu kalsiyam kaɗan ne, hatsin kuma na ɗauke da sinadarin fayitet mai ƙulle ɗan abin da ke akwai. (Kunun kanwa da ake dama wa mai jego ba ya cike wannan giɓi: kanwa gishirin sodiyam ce, ba kalsiyam ba.) Ta fuskar haske kuwa, ga hadarin Yuli da Agusta, ga rufin kwano da ya haɗe lunguna, ga jaririn da ke ɗaka ko a goye cikin zani, nonon uwa kuma ba ya ɗauke da bitamin D mai yawa, gilashin taga ma ba ya barin UVB ya wuce. Iyalan da ke gefen Bassa, yankin da hukumar MAGZI ke kula da shi, suna da ƙarin hayaƙin masana'antu da na manyan motoci. A Delhi, Agarwal ya auna yara 'yan wata 9 zuwa 24 a 2002: na unguwar Mori Gate mai hayaƙi sun tashi da kusan nanomol 31, na Gurgaon mai iska mai dama-dama kusan 68.

Abin da hujja ta goyi baya ke nan: ɗigon bitamin D IU 400 kullum ga kowane jariri daga haihuwa zuwa wata 12, kamar yadda matsayar 2016 ta tanada, maimakon shanya jariri ɗan ƙasa da wata shida a tsakar rana, sannan kalsiyam a kwanon yaye. Duwala na da abin da za ta yi wannan da shi. Thacher ya gwada garin busasshen kifi da ƙayarsa a 2015, ya warkar da riket kwatankwacin yadda garin dutsen farar ƙasa ya yi. Busasshen kifi da ƙananan jatan lande, waɗanda ake kira njanga, suna nan jibge a kasuwanni daga Youpwé har Babbar Kasuwa, garin kuka kuma, wanda ba a rasa shi a gidan Bahaushe, na ɗauke da sama da miligiram 1,000 a giram 100.

Yara iri biyu ne batun mai ya shafa kai tsaye. Zabiya, wanda kansar fata ke jira idan an bar shi babu mai da hula da doguwar riga. Nasa bitamin D a ba shi ta baki. Sai yaron da ake shafa wa man bilicin, wanda a Kamaru ake kira njansang, wanda ma'aikatar lafiya ƙarƙashin Manaouda Malachie ta hana shigowa da sayar da masu haɗari daga cikinsa a Agustan 2022. Wannan ne man da ya kamata a tambayi uwa a kansa a asibiti.

Iyakokin bincike

Dole a amince cewa alƙaluman da maƙalar ta tsaya a kansu na Jos ne, gari mai tudu da sararin sama, an ɗauko su ne aka ɗora wa garin bakin teku. Gwaje-gwajen man na waje da aka ambata kuma a kan manya fararen fata aka yi su, da SPF 15 zuwa 17, ba da 50 da ake sayarwa yanzu a kantunan magani ba. Mai sukar maƙalar zai kama nan, kuma yana da gaskiya daidai gwargwado, ko da yake bai nuna mana iyayen New Bell da ke sayen irin wannan mai suna shafa wa yaro kullum ba. Sakamakon Delhi ma alaƙa ya nuna, bai tabbatar da sanadi ba. Wanda zai rushe wannan matsayi sai ya auna jinin yara 'yan shekara ɗaya zuwa uku a New Bell da Bassa sau biyu, a Fabrairu da Agusta, ya haɗa da hoton wuyan hannu da gwiwa, ya kuma auna kalsiyam ɗin da ke cikin kwanonsu a ranakun da ya ɗebi jinin.