Tukwanen Kwarin Nene: Bunƙasa da Rushewar Wata Sana'a a Birtaniya ta Zamanin Rumawa

Gabatarwa

Masana tarihi sun daɗe da gane cewa tsingaro ya fi takarda jure wa zamani. Tufa takan ruɓe, katako gara ta cinye shi, ƙarfe a narkar a sake ƙera wani abu da shi, amma yumɓun da ya sha wuta yakan zauna a ƙasa shekaru dubbai. Saboda haka ne fasassun tukwane suka zama babbar shaida a kan arzikin Birtaniya a lokacin da take lardi na Daular Rum, watau daga shekarar 43 Miladiyya, sa'ad da Sarki Claudius ya tura rundunarsa ta ci ƙasar, zuwa wajen 410. Tukwanen da suka fi ba da labari su ne na alfarma masu rufin launi, waɗanda aka riƙa ginawa a kwarin kogin Nene, kusa da birnin Peterborough na yau a gabashin Ingila.

Daga shigowa da kaya zuwa ginawa a gida

A farkon mulkin Rumawa, duk mai son cin abinci cikin kwanon alfarma sai ya sayi na ƙetare. Jajayen kwanuka masu sheƙi da ake kira samiyan daga Gol suke zuwa, watau Faransa ta yau, da fari daga La Graufesenque, daga baya kuma daga Lezoux. Kofunan sha masu kaushin ado kuwa daga Liyon da Kolon ake kawo su. Sojoji da ma'aikatan mulki ne suka fara saye, sa'an nan manyan 'yan ƙasa suka bi sahu, domin irin kwanon da mutum ya ajiye wa baƙonsa shi ke nuna matsayinsa.

Wajen tsakiyar ƙarni na 2 sai aka fara gina irin waɗannan kofuna a kwarin Nene. Na farkonsu sun yi kama da na Kolon ƙwarai, har masana da yawa suke ganin magina ne daga bakin kogin Rayin suka yi ƙaura suka kawo fasahar. Wurin kuwa ya dace: akwai yumɓu mai fita fari-fari bayan gashi, akwai itace da ruwa, ga kuma garin Durobrivae, wanda ganuwarsa ta kewaye kimanin eka 44, yana zaune daidai inda babbar hanyar da ta tashi daga Landan zuwa Lincoln da York ta haye kogin. A bayan garin, a wurare irin su Castor da Chesterton da Stibbington, tandaye suka yawaita. An sami wani kaskon niƙa da aka rubuta a jikinsa da Latin cewa Sennianus ne ke gashi a Durobrivae, shaidar cewa maginan sun san darajar sunansu da na garinsu.

Yadda ake aikin

Magini yakan ɗora yumɓu bisa faifai mai juyawa, ya ja shi da yatsu har ya zama kofi mai siririn jiki da ƙaramin gindi. Idan ya sha iska, sai a yi masa ado. Wanda ya fi shahara shi ne na matsa yumɓu mai kauri kamar kunu ta wani siririn baki, a zana karnuka suna bin zomo ko barewa a guje, zanen ya fito tudu-tudu a jikin kofin. Hannu ɗaya ake yi, babu gyara, don haka sai gwani. Waɗansu kofunan kuma lotsa gefensu ake yi domin su zauna a hannu, waɗansu a yi musu jerin ƙananan tsage, waɗansu a yi musu zane da farin launi.

Sa'an nan a tsoma kofin cikin tataccen ruwan yumɓu mai sinadarin ƙarfe. Wannan shi ne rufin launin, kuma ba gilashi ba ne. A cikin tanderu ake yanke hukuncin launinsa. Tanderun rami ne mai bakin wuta a gefe, da daɓe mai huji-huji inda ake jera kaya, a rufe sama da yumɓu da ciyawa. Idan aka bar iska tana shiga, rufin yakan fito ja ko ruwan goro; idan aka toshe ƙofofi hayaƙi ya cika ciki, sai ya fito baƙi ko ruwan ƙasa mai duhu, wani lokaci da sheƙi irin na ƙarfe. Ta haka wanda ba shi da halin sayen kofin azurfa ko tagulla yake samun abin da ya yi kama da shi.

Kasuwa

Kayan Nene sun bazu a gabashi da tsakiyar lardin, sun kai har sansanonin soja da ke kan Ganuwar Hadrian a arewa. A ƙarni na 3 kuma ƙofa ta ƙara buɗewa, domin kayan Lezoux sun daina zuwa wajen shekarar 200, na gabashin Gol ma suka yanke wajen tsakiyar ƙarnin, lokacin da yaƙe-yaƙe suka dagula daular. In kiɗa ya sauya, rawa ma sai ta sauya: maginan Nene suka shiga gina kwanuka da faranti da tuluna masu kauri, waɗansu a kan siffar samiyan ɗin da ya ɓace. Ba su kaɗai suka ga wannan dama ba, gama maginan yankin Oxford da na New Forest su ma sun tashi a ƙarni na 3. Zuwa ƙarni na 4 lardin yana biyan mafi yawan bukatarsa ta kayan alfarma da hannun 'ya'yansa. Arzikin Durobrivae a wannan zamani ya bayyana a 1975, sa'ad da aka tono kayan azurfa na ibadar Kirista a Water Newton, waɗanda suke cikin mafiya daɗewa irinsu da aka sani a daular.

Rushewa

Ruwa ba ya tsami banza. Sana'ar ta dogara ne a kan kuɗin da gwamnati ke bugawa tana biyan sojoji da ma'aikata, su kuma su kashe a kasuwa, da hanyoyin da ake tsarewa, da garuruwa masu jama'a. Wajen 402 sababbin ƙananan kuɗi suka daina isowa Birtaniya da yawa. A 407 wani soja da 'yan'uwansa sojoji suka naɗa sarki, Constantine na Uku, ya haye zuwa Gol da runduna, kuma zuwa 410 mulkin Rum a lardin ya ƙare. Cikin 'yan shekaru wutar tandayen Nene ta mutu. Yumɓu yana nan, itace yana nan, amma babu mai saye da yawan da zai riƙe magini da masu yi masa aiki, balle ya koya wa yaro. A gabashin Ingila aka koma ginin hannu da gashi a fili, kuma sai da aka shafe ƙarnoni kafin faifan juyi da tanderu su dawo sosai.

Kammalawa

Wurin ya zama gonaki, har sai a shekarun 1820 da Edmund Artis ya tono tandayen ya zana su, ya buga littafinsa a 1828. Abin da tsingaron Nene ke koyarwa shi ne, lardi yana iya koyon fasahar baƙi har ya wadatu da nasa, amma gwaninta ba ta rayuwa ita kaɗai. Sana'ar da ta yi fiye da shekara 250 tana ci ta mutu cikin tsawon ran mutum ɗaya, domin tsarin da ke ɗauke da ita ya rushe. Wannan abin tunani ne ga duk wanda aka ɗora wa alhakin tsara kasuwa da masana'antu.