Daga macijin Nokia zuwa kyanwa mai magana: yadda wasan waya ya iso ƙasar Kazaure

1/ Jama'a ku matso, yau zaren tarihi ne. Tarihin abin da iyayenmu ke kira shirme: gem-gem, manhajojin ban dariya, da tarkacen da muke maƙala wa waya da tabilet. Ta wace hanya suka iso Kazaure, Roni, Gwiwa da Babura, hannun wa suka biyo, kuma me muka biya. 🧵

2/ Mu fara daga kafin waya. Waɗanda suka tashi a shekarun 1990 za su tuna tsarabar Makka: 'yar kyamarar roba da alhazai ke kawo wa yara. Ka kanga ido ka danna, ga Ka'aba. Ka sake dannawa, ga Masallacin Madina. Ba batir, ba caji. Yaro ɗaya ke da ita a unguwa, sauran na layi ana "saura ni".

3/ Sai ƙaramin gem ɗin nan na hannu mai jera bulo, wanda aka rubuta masa 9999 a goshi. Ƙarya ce, wasannin ciki 'yan kaɗan ne ake juya su. Asalin na bulon shi ne Tetris, wanda Alexey Pajitnov ya ƙirƙira a Mosko a 1984. Shi ma dai layi ake yi masa, kuma mai kuɗin sayen batir shi ne sarki.

4/ Shekarar 2001 abu biyu suka faru. A Janairu gwamnatin Obasanjo ta yi gwanjon lasisin GSM, kowanne dala miliyan 285, zuwa Agusta Econet da MTN suka fara aiki. A shekarar ce kuma gwamnatin Saminu Turaki ta buɗe makarantar Informatics a Kazaure, da haɗin gwiwar wani kamfanin koyar da kwamfuta na Singafo.

5/ Informatics ta yaye ɗalibai masu yawa, wannan ba abin musu ba ne. Amma dattijon Roni, da matar aure a Gwiwa, da ɗan acaɓa a Babura ba su taɓa zama a ajinta ba, kuma yau duk suna sarrafa waya. A ganina wasa ne ya koya musu, tare da wani malami da ba a ba shi satifiket ba. Za mu zo kansa.

6/ Farkon zuwan GSM layi kaɗai ya fi albashin wasu ma'aikata. Kira naira 50 minti ɗaya, ko da "salamu alaikum" ka ce ka kashe, har sai da Glo ta zo a 2003 da lissafin daƙiƙa. Sabis kuma bai kai ƙauyuka da wuri ba. To ga waya a hannu, ba kati, ba sabis. Me za a yi da ita? Maciji.

7/ Snake ya fara fitowa a Nokia 6110 a 1997, aikin wani injiniya ɗan Finland, Taneli Armanto. Amma wanda muka fi sani shi ne Snake II na cikin 3310, wayar da ta fito a 2000 aka sayar da sama da miliyan 120. A nan yatsun mutane suka haddace 2, 4, 6, 8: sama, hagu, dama, ƙasa.

8/ Wani abu da mutane suka manta: cikin 3310 akwai Bantumi. Dara ce zalla, mai ramuka da 'ya'ya, irin wadda Yarbawa ke kira ayo. Wato wasan da kakanninmu ke yi a gindin bishiya ya je Turai, aka cusa shi a waya, aka dawo aka sayar mana. Akwai kuma wurin haɗa kiɗan kira, inda samari ke kwafar lambobi a takarda suna shigarwa ɗaya bayan ɗaya.

9/ A 2003 Nokia 1100 ta fito da tocila a ka. Sama da miliyan 250 aka sayar a duniya. Sunan da muka raɗa wa irinta kun san shi, rakani kashi. 😂 Ku tuna da wannan tocilar, za ta dawo a ƙarshen zare da wata siffa.

10/ Wajen 2007 zuwa 2010 'yar China ta cika kasuwa. Layi biyu, wata ma uku. Sifika mai tada unguwa, fitilu na walƙiya in an kira, ga eriya da ake zarowa a kama talabijin. Yawancinsu ƙwaƙwalwar kamfanin MediaTek na Taiwan ce a ciki, shi ya sa kowace ƙaramar masana'anta a Shenzhen ke iya harhaɗa tata ta liƙa suna.

11/ A nan aka samu sauya murya: ƙato da gemu ya kira ka da muryar budurwa. Da farko tsokana ce tsakanin abokai. Ba a daɗe ba wasu suka mayar da ita sana'ar karɓar katin waya daga hannun masu neman aure. Tun daga lokacin abin wasa ya nuna yana da haƙori.

12/ Amma babban abin da 'yar China ta kawo shi ne ramin memori da Bluetooth. Daga nan malamin da na ambata ya bayyana: mai turi. Teburi, tsohuwar kwamfuta, janareta, jerin soket na caji, laima ko 'yar rumfa a bakin tasha ko kasuwa.

13/ Tsarin mai sauƙi ne. Kaya na tasowa daga Kano, musamman kasuwar waya ta Farm Centre, su biyo titin Dambatta zuwa Kazaure. Daga can mai turin Roni ko Gwiwa ya kwafa a nasa. Kai kuma ka kawo memori da 'yan canjinka a zuba maka waƙoƙin Nura M. Inuwa da Ali Jita, wa'azi, karatun Alƙur'ani, kokawa, fim, da gem a matsayin gyara.

14/ Shi ne zai nuna maka inda fayil yake shiga, yadda ake gogewa, dalilin da ya sa wayarka ta ƙi buɗe bidiyo sai an mayar da shi 3GP. Shi ke zaɓar abin da gari zai kalla a satin. Abin da Google ke yi da injina a yau, wani saurayi ne ke yinsa da baki: "Alhaji, ga wani sabo, sai ka gani."

15/ Ƙarfin wannan hanya ya fito fili a 2007, lokacin da bidiyon sirri na wata 'yar fim ya bazu a Kano daga waya zuwa waya. Ba intanet aka yi amfani da ita ba, Bluetooth ne. Abin ya kai ga dakatar da shirya fim na watanni da tsaurara dokokin hukumar tace fina-finai. Wata fasaha da aka ɗauka ta tura waƙa ce ta girgiza masana'anta guda.

16/ Akwai kuma ɓangaren daɗi. A 2008 wani matashin Buzu daga Nijar, Mdou Moctar, ya zo Sakkwato ya naɗi kundinsa Anar, da irin gyaran muryar waƙoƙin fim ɗin Hausa. Waƙoƙin suka ratsa Sahara a cikin memori. Wani Ba'amurke, Christopher Kirkley, ya tsince su a wayoyin mutane a Mali, ya sa ɗaya a faifan Music from Saharan Cellphones a 2011. Yau Mdou na zagaya Amurka da Turai da jita.

17/ Can a ƙasashen masu kuɗi kuwa, Apple ya buɗe App Store a Yulin 2008 da manhajoji kusan 500. Kada ku zaci duk na ilimi ne. Akwai I Am Rich, kuɗinta dala 999.99, aikinta kawai ta nuna jan lu'ulu'u a fuskar waya. Mutum 8 suka saya kafin a cire ta. Akwai iFart mai ƙarar tusa, wadda ta zama ta ɗaya a ciniki a Disambar shekarar. Saboda haka ba mu kaɗai ne masu son shirme ba.

18/ Waɗannan ba su iso mana ba, don suna bukatar iPhone da katin banki. Namu shi ne Opera Mini da 2go a kan ƙananan wayoyi masu Java. Wasu matasa biyu 'yan Afirka ta Kudu, Alan Wolff da Ashley Peter, suka ƙirƙiri 2go a 2007, amma a Najeriya ta yi kasuwa. Dabararta tauraro: yawan zamanka a kai, yawan hawan matsayinka, daga Novice har Master.

19/ Mutane sun kwana waya na jone a caji don tauraro ya hau. Dariya ake yi yanzu, amma a 2go ɗin nan ne dubban matasan Arewa suka fara rubuta Hausa kullum da yatsa, har da waɗanda makaranta ba ta riƙe su ba. Gajerun kalmomin da kuke yi a WhatsApp, da yawa can suka samo asali.

20/ Wajen 2012 zuwa 2014 Tecno ta sauko da Android inda talaka zai iya miƙa hannu. Da Flash Share, daga baya Xender, turi ya koma na daƙiƙoƙi. Waya ɗaya ke buɗe Wi-Fi nata, ɗayar ta shiga, ba data ko ta sisi. Mutum ɗaya ya sauke gem a Kano, kafin sati ya zagaye majalisun Babura.

21/ Sarkin wannan zamani shi ne Talking Tom. Kamfanin Outfit7 na wasu 'yan Slobeniya ya fitar da shi a 2010, kuma zanen kyanwar ma sayensa suka yi a intanet kan dala 90. Aikinsa ɗaya: ya naɗi abin da ka faɗa, ya siranta muryar, ya maimaita. A 2017 aka sayar da kamfanin ga 'yan China kan kusan dala biliyan 1.

22/ Me ya sa ya karɓu haka a wajenmu? Domin shi ne manhaja ta farko da ta yi Hausa ba tare da kowa ya fassara ta ba. Ka yi mata Hausar Kazaure ta mayar maka, ka yi Fulatanci ta mayar. Ba sai ka iya karatu ba, ba sai da data ba. Kaka da ke tsoron taɓa gilashin waya, a kan cikin kyanwar nan ta fara ɗora yatsa, jikoki na ta shewa.

23/ Flappy Bird kuma, mai shi Dong Nguyen ɗan Biyetnam ya cire shi daga kasuwa a Fabrairun 2014, duk da yana samun kusan dala 50,000 a rana, ya ce yana kama mutane da yawa. Duniya ta yi ta kuka. A nan ko a jikinmu, fayil ɗin na cikin Xender, aka ci gaba da turawa.

24/ Tabilet fa? iPad ta fito a Afrilun 2010, kuma har yau duk babbar waya sunanta "aifad" a bakin mutanenmu, ko da DroiPad ce ta Tecno. Tamu dole ta ɗauki layi da memori. A gidaje da yawa ita ce talabijin: a jingina ta da kwano ko filo, matan gida da yara su zagaye ta ana kallon Indiya-Hausa. Layin nan na kyamarar Makka bai watse ba, zama kawai ya yi a tabarma.

25/ Kayan haɗin da suka yi kasuwa a nan duk amsar matsalar wuta ne. KEDCO ta karɓi rarraba lantarki a Kano, Katsina da Jigawa a 2013, amma ƙauyuka da dama shagon caji ne NEPA ɗinsu. Sai fawa banki, ƙaramin faifan sola, wayar OTG ta jona filashi, da MP mai tocila da rediyo. Alƙalamin zane da allon rubutu na tabilet da ake talla a Turai, ba su cika samun mai tayawa ba.

26/ Sandar salfi ta yi tashe wajen 2014, shekarar da mujallar Time ta sa ta cikin ƙirƙire-ƙirƙiren shekara, alhali wani injiniyan Minolta a Japan, Hiroshi Ueda, ya yi irinta tun 1983 ba wanda ya kula. Ta yi Sallah biyu ko uku ta ɓace. Fitila mai zobe ta gaje ta, ita kuwa ta zauna, saboda TikTok da masu sayar da atamfa da turare sun mayar da ita jari.

27/ Yanzu batun biya. Na farko da ya ji a jikinsa Kannywood ce. Kasuwar faifai ta Ƙofar Wambai ta durƙushe a tsakiyar shekarun 2010, don ba mai sayen CD alhali za a tura masa fim da ɗan canji. Furodusoshi suka koma Arewa24 da YouTube, inda Izzar So ta yi tashe daga 2020. Mai turi ya koyar da jama'a, amma da gumin wasu ya yi.

28/ Na biyu mu ne. Da, ka biya mai turi sau ɗaya, abu ya zama naka. Yanzu manhaja kyauta ce, sai dai tana karɓar wani abu. A Disambar 2013 hukumar kasuwanci ta Amurka, FTC, ta kama Brightest Flashlight Free, manhajar tocila da miliyoyi suka sauke, tana miƙa wa 'yan talla inda mutum yake da lambar shaidar wayarsa. Tocila fa. Rakani kashi ba ta taɓa tambayar inda za ka ba.

29/ A Yulin 2019 kowa ya tsufa a FaceApp, manhajar wani kamfani a Rasha da ke ɗaukar hoton zuwa nasa rumbun kafin ta yi maka furfura. Sabon danna "na yarda" ba tare da dubawa ba, shi manhajojin bashi suka samu a shirye, suka kwashi lambobin mutane suna tura wa surukai saƙon tozarci. Sai a Mayun 2023 Google ya hana su taɓa lambobi da hotuna.

30/ Abin da ya fi damuna tabilet ɗin yara mai rigar roba da ake saya a matsayin kyautar sauka ko ta Sallah. Gem ɗin da aka tura ta Xender ba ya bi ta tantancewar Play Store, kuma da an kunna data talla ke faɗowa, har da ta caca. Mai turi na da ya san fuskar uban yaron, yana jin kunyar abin da zai zuba masa. Injin talla bai san kowa ba.

31/ Yau Kazaure na da kwalejin kimiyya ta Hussaini Adamu da Informatics, Babura ta samu jami'ar fasaha ta tarayya a 2021. Amma a Janairun 2025 NCC ta amince a ƙara kuɗin kira da data da kashi 50 cikin 100, don haka rumfar mai turi na nan daram. Memorin ya koma 32GB, 3GP ya zama MP4, ana tura fim mai dogon zango kashi-kashi, Ludo King da Dream League a matsayin gyara.

32/ Wanda ya san ya kai Master a 2go ya fito ya bayyana kansa a ƙasa, ya faɗa mana shagon cajin da ya ci kuɗinsa. 👇