Gajiyar Aiki da Kasuwa a Ƙasar Yawuri, Daga Ayarin Gwanja Zuwa Wayar Hannu

Da yawa suna ɗauka cewa ma'aikacin da aiki ya ci wa rai, ya koma yana hucewa a kan albashinsa da sayen abin da ba ya buƙata, ya kamu ne da baƙon ciwon da wayar hannu ta kawo. Tarihin ƙasar Yawuri bai goyi bayan haka ba. Tun kafin a san albashi, wanda ya sha wahala a gaɓar Kwara yakan saka wa kansa a kasuwa. Abin da ya ɓace shi ne shingen da ke tsare wannan ɗabi'a: a da, wahala tana da ranar ƙarewa, kasuwa kuma tana da ranar ci da lokacin tashi.

A dubi fataucin goro. A ƙarni na 19 ayarin fatake kan taso daga Kano, ya ƙetare Kwara ta wajen Yawuri ko Busa, ya ratsa Borgu har Salaga a ƙasar Gwanja. A 1826 Baturen nan Clapperton ya tarar da irin wannan ayari a Kayama, mutum sama da dubu, maza da mata. Zuwa da dawowa kan ci wata shida, wani lokaci shekara guda, ga 'yan fashi, ga kuɗin fito, ga jakuna na mutuwa a hanya. Ba wanda zai ce falke bai san gajiya ba, kuma da ya sauke kaya yakan ɗinka sabuwar riga, ya yi kyauta, ya ci mai kyau. Sai dai yana yin haka ne bayan tafiya ta ƙare, a idon madugu da dangi, kuma kaso mai tsoka na abin da ya saya tsaraba ce, wadda ke komawa ta zama zumunci da mutunci. Sauran riba takan shiga dabba, gona, aure ko jarin tafiya ta gaba. Manoman albasa na Gungawa da masunta ma haka rayuwarsu take, ruwa ne ke yanka musu lokacin aiki da na hutu, kuɗi kuma ba ya zuwa sai an kai kaya kasuwa.

Dam ɗin Kainji, wanda aka fara a 1964 aka gama a 1968, ya girgiza wannan tsari. An tashi mutane kimanin 44,000, tsohuwar Busa da tsibirai da dama suka nutse, aka samu tafki mai tsawon fiye da kilomita 130. A farkon shekarun 1970 kifi ya yi ambaliya, masunta suka kwararo daga nesa, tsabar kuɗi ta riƙa shiga hannu kullum maimakon kaka-kaka. Kafin shekarun su ƙare kamun ya faɗi warwas, wanda bai mayar da ribarsa jirgi ko shanu ba ya tashi a tutar babu. Ma'aikatan gwamnati kuwa nasu ya zo ne da ƙarin albashin Udoji a zamanin Janar Gowon: an biya a farkon 1975 haɗe da ariyas na watanni, aka yi rububin rediyo, keke da babur, hauhawar farashi ta haura kashi 30 cikin ɗari a shekarar. Kuɗin ya ƙare, aikin yana nan yadda yake.

Wanda ya gaji wannan yanayi shi ne malamin firamare a Shanga da ke fama da aji cike maƙil, ko ma'aikaciyar asibiti a Ngaski da ke kwana aiki ta wuni aiki. Aikinsu ba shi da kaka, kasuwarsu kuma ba ta tashi, domin mai atamfa da mai takalmi suna cikin WhatsApp har tsakar dare, ga mai POS a bakin titi, ga "ɗauki ka biya ƙarshen wata". A 2019 Hukumar Lafiya ta Duniya ta bayyana irin wannan ƙosawa a matsayin matsalar da ke tasowa daga matsin wurin aiki da ba a magance ba. Wani bincike da masana a Jami'ar Michigan ta Amurka suka wallafa a 2014 ya nuna cewa zaɓen abin saye yana rage baƙin ciki, saboda yana sa mutum ya ji akwai abin da yake da iko a kai. Ke nan sauƙin da ake ji na gaskiya ne, amma gajere ne, bashin kuwa yakan tilasta ƙarin aiki.

Za a ce wanda albashinsa ba ya kai shi tsakiyar wata ina ya ga na sayayyar huce haushi, musamman tun cire tallafin mai a 2023. Ai shi ya fi shiga haɗari, don mai hali yana saye da rara, shi kuwa da bashi, turmi ɗaya na iya cinye kuɗin hatsin gida. Wasu kuma za su ce wa'azi a kan almubazzaranci ya wadatar. Wa'azin daidai ne, amma kakanninmu ba da shi kaɗai suka tsira ba, sun haɗa da dabara: adashi da asusu da rumbu da tunkiyar turke duk hanyoyi ne na nisanta kuɗi daga hannu kafin zuciya ta raya wani abu. Dabarar tana nan. A zuba adashi ranar da albashi ya shigo, a ware ranar kasuwa guda a mako, abin da ido ya gani a waya a bar shi ya kwana, a fita daga zaurukan talla. Sai dai duk wannan rabin magani ne muddin gajiyar tana nan. Shugabannin makarantu da asibitoci da ƙananan hukumomi a masarautar Yawuri su ba ma'aikata hutunsu na shekara cikakke, su raba aiki da adalci, ƙungiyoyin ƙwadago kuma su sa batun hutu a teburi ɗaya da batun albashi.