Alƙahira da Makarantunta: Daga Gindin Ginshiƙi zuwa Zauren Lacca

Tarihin ilimi mai zurfi a Alƙahira ya soma ne da masallacin Azhar, wanda Jauhar al-Siƙilli, kwamandan daular Faɗimiyya, ya aza harsashinsa a shekarar 970, aka kuma buɗe shi a 972. A shekarar 988 waziri Ya'aƙub bin Killis ya yanka wa wasu malaman fiƙihu albashi, ya gina musu masauki kusa da masallacin, kuma tun daga nan karatu a birnin ya dogara da abu biyu, wato malamin da aka ɗauke wa nauyin neman abinci da ɗalibin da aka bai wa wurin kwana. Salahuddin al-Ayyubi ya kawar da Faɗimiyya a 1171, ya mayar da ƙarfinsa kan gina madarisai, wato makarantun fiƙihun Sunna da ake gudanarwa da wakafi, Azhar kuwa ta dushe har zuwa zamanin Sultan Baibars, wanda aka mayar da sallar Juma'a cikinta a lokacinsa.

Tsarin karatun ba baƙo ba ne ga wanda ya san makarantun zaure na Kano ko Zariya. Kowane shehi yana da ginshiƙinsa a cikin masallaci, ɗalibai su kewaye shi a halƙa, ana karanta matani yana warwarewa, wanda ya ƙware kuma a rubuta masa ijaza, wato shaidar malami cewa ya halatta ya karantar da littafin. Ɗaliban, waɗanda ake kira mujawirai, suna zaune a ruwaƙai, wato ɓangarorin kwana da aka raba bisa ƙasar da mutum ya fito, kowane ruwaƙi da shehinsa da ɗakin littattafansa da jaraya, rabon gurasar da ake bayarwa daga kuɗin wakafi.

Mutanen Afirka ta Yamma sun shiga wannan tsari ne da dukiyarsu. Marubucin tarihi al-Maƙrizi ya ruwaito cewa alhazan Kanem, a shekarun 1240, sun bai wa alƙali Ibn Rashiƙ kuɗi ya gina makarantar Malikiyya a Fusɗaɗ, wato tsohuwar Alƙahira, suka ci gaba da aiko mata da gudummawa shekara da shekaru, daga baya kuma Azhar ta samu ruwaƙin Barebari. Malamin Alƙahira al-Suyuɗi, wanda ya rasu a 1505, ya aike wa sarakunan Katsina da Agadas wasiƙar nasiha. Muhammad al-Kashinawi, mutumin Katsina masanin lissafi da hatimai, ya zauna a gidan Hasan al-Jabarti, mahaifin sanannen marubucin tarihin Masar, ya karantar da Hasan ɗin, a gidan kuma ya rasu a 1741.

Ƙarni na 19 ya zo da wata hanya dabam. Muhammad Ali Pasha, mai mulkin Masar, wanda yake buƙatar likitoci da injiniyoyi da tafintoci domin rundunarsa, ya kafa makarantar likitanci a Abu Za'abal a 1827, aka mayar da ita Ƙasr al-Aini a 1837, sannan aka buɗe makarantar harsuna a 1835 a hannun Rifa'a al-Ɗahɗawi, wanda shi kansa ɗan Azhar ne da ya zauna a Faris. Da haka ilimi ya rabu gida biyu, irin rabuwar da ƙasar Hausa ta sani tsakanin allo da boko, kuma mafi yawan gyare-gyaren da suka biyo baya ƙoƙari ne na ɗinke wannan ɓaraka. Ministan ilimi Ali Mubarak ya kafa Darul Ulum a 1872 domin a ɗauki ɗaliban Azhar a ƙara musu fannonin zamani su zama malaman makaranta. Dokar 1930 ta tsara karatun Azhar mai zurfi zuwa kwalejoji uku, na usuluddini da shari'a da harshen Larabci, dokar 1961 kuma ta ƙara mata likitanci da injiniyanci da aikin gona, ta buɗe ƙofa ga mata.

A ɗaya ɓangaren, Jami'ar Masar ta tashi a 1908 da gudummawar jama'a, ciki har da fili da kayan adon da Gimbiya Faɗima Isma'il ta sadaukar, gwamnati ta karɓe ta a 1925, ita ce Jami'ar Alƙahira ta yau da ke Giza. Jami'ar Amurka ta biyo baya a 1919, Ain Shams a 1950, Hilwan a 1975, sannan jami'o'in kuɗi irin ta Jamus da ta Birtaniya suka bayyana a farkon wannan ƙarni. Soke kuɗin karatun jami'a a 1962 ya ba ɗan talaka kujera, amma ya jawo cunkoson da ya sa makin jarrabawar sanawiyya, ta kammala sakandare, shi ne ke yanke wa yaro tsangayar da zai shiga.

Ɗalibin Kano ko Maraɗi da ya isa birnin yau yakan fara da mu'adala, wato tantance darajar takardunsa, wanda bai kai ba kuma ya bi ta ma'ahad, sakandaren Azhar, mai rabo ya samu ɗaki a Madinatul Bu'us, unguwar ɗalibai baƙi da ke Abbasiyya. A Jami'ar Alƙahira ne Ali Abubakar da Shehu Galadanci suka rubuta manyan kundayensu kan tarihin Larabci a Najeriya, Hausa kanta kuma ana koyar da ita a birnin. Abin da ya riƙe wannan gado fiye da shekara dubu shi ne dukiyar da aka tsayar domin ciyar da malami da saukar da ɗalibi, kuma duk garin ƙasar Hausa da ke burin zama cibiyar ilimi sai ya fara tanadin wannan kafin ya ƙirga yawan jami'o'insa.