Garuruwa Biyu da Ƙararrawa Ɗaya

A ƙasar Amurka, cikin jihar Ohio, akwai waɗansu garuruwa biyu maƙwabtan juna, Massillon da Canton. Tsakaninsu bai wuce kamar mil takwas ba. Canton ce babba, Massillon kuwa ƙaramin gari ne da ya yi suna wajen sana'ar ƙarfe. Abin da ya haɗa su, shi ne kuma ya raba su, watau wasan ƙwallo na 'yan makarantar sakandare.

Ƙwallon nan ba irin wadda ake bugawa da ƙafa kaɗai ba ce. Siffarta kamar ƙwai, a hannu ake rungumarta a sheƙa da gudu, abokan karawa suna ƙoƙarin kā da mai ita. Kowane gefe mutum goma sha ɗaya ne.

A cikin shekarar 1894 makarantun garuruwan nan suka fara karawa. A zamanin nan manya ma suna da ƙungiyoyinsu na masu wasa don kuɗi, amma a 1906 aka yi zargin an sayar da wasa saboda caca. Ko da yake ba a tabbatar da zargin ba, mutane suka juya wa wasan manya baya har shekaru. Na yara kuwa sai ƙara ƙarfi ya yi, don yaro ba don kuɗi yake yi ba, don sunan garinsu yake yi.

A 1932, lokacin da fatara ta game Amurka, ma'aikatu suna rufewa, aka ɗauki wani saurayi, Paul Brown, ya zama mai koyar da 'yan wasan Massillon. Shekara uku a jere makarantar McKinley ta Canton tana cinye shi. Bai karaya ba. Ya tsananta horo, ya sa aka riƙa koya wa yara salon wasansa tun suna ƙananan makarantu, ya kuma jawo iyayen gari suka kafa ƙungiyar taimakon 'yan wasa. Daga 1935 har 1940 Canton ba ta sāke cin Massillon ba. Cikin shekara tara ya ci wasa 80, aka cinye shi 8, aka yi kunnen doki 2. Mutanen da talauci ya sunkuyar da kansu suka sami abin ɗaga kai. A 1939 aka buɗe babban filin wasa, wanda daga baya aka sa masa sunan Paul Brown.

Son wasan ya shiga jinin mutanen garin, har ya zama al'ada idan aka haifi ɗa namiji a kai masa 'yar ƙaramar ƙwallo tun yana cikin tsumma. Daren jajiberin wasa da Canton akan yi jerin gwano da kaɗe-kaɗe. Wanda ya ci, shi ke tafiya da wata ƙararrawa, ya ajiye har baɗi. A karawa ta ɗari, cikin 1994, Massillon ta ci 42, Canton 41.

Amma mutanen Canton su ma sun sami abin gori. Dā ra'ayin masana da 'yan jarida ke fid da zakaran jiha, Massillon kuwa ta sha samu. Da aka koma fid da shi a fili a 1972, McKinley ta ci a 1981 da 1997 da 1998, Massillon ko sau ɗaya. Shekara hamsin da ɗaya tana jira, sai a 2023 ta ɗauki kambin rukuninta, a cikin filin Canton kuwa aka yi wasan. Mahaƙurci mawadaci.

Da ba don Canton ba, da Massillon ba ta yi wannan himma ba, haka kuma Canton. Kishiyar kirki, ko ba a sonta, tana sa a gyara ɗaki.