Wasiƙa daga Lyon: Tinto Brass da rabin aikinsa da kaset ya binne

  Mu nan sanyi ya kankama, sai godiya.

Makon jiya Yaya ya ritsa ni a waya, ya ce wai shin karatu nake yi a Faransa ko kallon fim? Na ce masa tarihin adana finafinai nake karanta, ya ce shi dai bai gane ba. To yau ga misali guda, ko zai sa a gane. Amma bari in fara da neman afuwa, musamman wajen Baffa da Inna in an karanta musu: mutumin da zan ba ku labarinsa, da finafinan tsiraici duniya ta san shi. Ba talla nake masa ba, kuma ba zan siffanta abin da ke ciki ba. Abin da ya dame ni shi ne yadda aka yi har ya zama da wannan kaɗai aka san shi.

Sunansa Tinto Brass, ɗan Italiya, an haife shi a Milan a 1933, amma a Venis ya tashi, kakansa Italico Brass mai zane ne sananne. Lauya ya karanta. Da ya gama a 1957 sai ya ajiye takardar ya taho Paris, ya kama aiki a Cinémathèque française, wato rumbun adana finafinai da Henri Langlois ya kafa da abokansa a 1936. Kun ga ke nan, sana'ar da nake koyo yanzu da ita ya fara, jera gwangwanayen tsofaffin finafinai don kada su ɓata. Daga nan ya zama mataimakin Roberto Rossellini da Joris Ivens, manyan daraktoci na wancan zamani.

Fim ɗinsa na farko ya fito a 1963. Labarin wani saurayi ne a Venis da ke yawo a gari yana tunanin ko ya karɓi aikin ofis ko ya ƙi. Hukumar tace finafinai ta Italiya ta hana shi fita. Sai Brass ya canja masa suna daga In capo al mondo zuwa Chi lavora è perduto, ma'ana wanda ya yi aiki ya halaka, ya sake miƙa shi, ya wuce. A shekarun da suka biyo baya babu irin fim ɗin da bai taɓa ba: na tarihin juyin juya hali da ya harhaɗa daga tsofaffin hotuna a 1964, na barkwanci da Alberto Sordi, na kaboyi mai suna Yankee a 1966, na kisan kai da ya ɗauka a Landan da Jean-Louis Trintignant a 1967. L'urlo kuwa an tsare shi sai 1974 aka bari ya fita a ƙasarsa. A 1971 La vacanza, wanda Vanessa Redgrave da Franco Nero suka fito a ciki, labarin wata mata da aka ba hutun gwaji daga gidan mahaukata ta tarar na waje sun fi na ciki hauka, ya ci kyautar masu sharhi a bikin finafinai na Venis. A lokacin kallon ɗan tawaye ake masa, mai faɗa da coci da gwamnati da masu kuɗi.

Abin ya juya ne daga Salon Kitty a 1976, kan wani gidan karuwai a Berlin da 'yan Nazi suka dasa wa na'urorin leƙen asiri. Bob Guccione, Ba'amurke mai mujallar Penthouse, ya gani ya ɗauke shi ya ba da umarni a Caligula, labarin wani azzalumin sarkin Rum. Gore Vidal ya rubuta, Malcolm McDowell da Helen Mirren da Peter O'Toole da John Gielgud suka fito. Brass yana son ya nuna yadda mulki ke haukata mutum, mai kuɗin kuma hajar mujallarsa yake son sayarwa. Da aka gama ɗauka sai aka hana Brass shiga ɗakin haɗa hoto, Guccione ya ɗauki wasu fitowa na batsa tsagwaronta ya cusa. Fim ɗin ya fita a 1979, marubucin ya ce ba nasa ba ne, daraktan ma ya ce ba nasa ba ne, aka yi ta shari'a. Ni dai a ganina bai kamata a wanke shi tas ba, don bayan wannan da ƙafarsa ya bi hanyar, kuma ya sha faɗin cewa yana alfahari da ita. La chiave a 1983, daga littafin marubucin Japan Tanizaki, ya yi kasuwa ƙwarai, daga nan har Monamour a tsakiyar shekarun 2000 kusan duk abin da ya yi na tsiraici ne.

To a daidai wannan lokaci ne bidiyo ya shigo gidajen mutane, kuma a nan labarin Faransa ya shiga. A ƙarshen Disamba 1975 gwamnati ta yi dokar da ta ware finafinan batsa ta sa musu alamar X, ta ɗora musu haraji mai nauyi, ta hana su tallafin da ake ba sauran, ta killace su a wasu gidajen sinima na daban. Ba ta hana ba, ta dai sa cinikin ya yi wuya. Sai ga kaset. Na'urorin bidiyo na Japan suka yi ta kwararowa har a Oktoba 1982 gwamnati ta ce duk wadda za ta shigo sai ta bi ta ofishin kwastan na Poitiers, wani gari da ke can tsakiyar ƙasa nesa da tashar ruwa, don dai a rage musu gudu. Bai hana komai ba. Mutumin da ke jin kunyar a gan shi a ƙofar sinima yanzu zai karɓi hayar kaset ya sa a leda ya wuce gida, irin dai yadda muka sani a shagunan haya na unguwa. Finafinan Brass na wannan zango, masu labari da kiɗa da sanannun 'yan wasa, sun dace da wannan kasuwa kamar an auna. Aka juye su zuwa harsuna, La chiave ya zama La Clé a nan, aka yanke wasu gwargwadon dokar kowace ƙasa, har fim guda ya kan zama iri uku ko huɗu masu tsawo daban-daban.

Na farkon fa? Babu mai shagon da ya ga riba a cikinsu. Na gwada da kaina. Na hau jirgin ƙasa, awa biyu daga Lyon zuwa Paris, na bi shagunan tsofaffin faifai na titin Saint-Michel da akwatunan nan koraye na masu sayar da littattafai a bakin kogin Seine. Na ga Caligula, na ga Paprika, na ga Monella. Na tambayi La vacanza da Dropout, wani dattijo mai shago ya dube ni sama da ƙasa, ya ce ai Brass bai taɓa yin fim da Vanessa Redgrave ba. Ban ja da shi ba. Shekara da shekaru yana sayar da mutumin, rabinsa kawai ya sani. Sai wajen 2009 wani ƙaramin kamfani a Amurka, Cult Epics, ya fitar da L'urlo da Nerosubianco a faifan DVD, kimanin shekara 40 bayan an yi su.

Caligula ma bai huta ba. Wani mai suna Thomas Negovan ya koma kan ainihin hotunan da aka ɗauka, sama da awa 90, ya sake haɗa fim ɗin ba tare da cushen Guccione ba, aka nuna shi a Cannes a 2023. Brass, yana da shekara 90 a lokacin, ya fitar da sanarwa ya ce wannan ma babu hannunsa.

Nan Lyon, a unguwar Monplaisir, akwai titin da ake kira Rue du Premier-Film, wato titin fim na farko, inda 'yan'uwan nan Lumière suka ɗauki ma'aikata suna fitowa daga masana'antarsu a 1895. Gidansu ya zama cibiya tun 1982, tun 2009 ake bikin tsofaffin finafinai duk Oktoba, kuma a 2013 aka ƙara masa kasuwa, inda masu rumbuna da masu buga faifai ke zama su yi ciniki kan wane tsohon fim za a gyara a sake fitarwa. Na zauna a bayan ɗaki ina saurare. Tambayar farko kullum ita ce wa ke da haƙƙin mallaka, ta biyu ina ainihin kwafin yake, ta uku mutum nawa za su saya.

A nan ne hankalina ya koma gida. Brass yana da ƙasa mai rumbuna, ainihin gwangwanayensa suna nan ko da kasuwa ta juya musu baya. Mu kuwa finafinanmu a kan kaset aka haife su. Turmin Danya na 1990, Gimbiya Fatima, Sangaya, da ɗaruruwan da suka bi ta Kofar Wambai da Bata, a kan kaset aka ɗauka, a kan kaset aka sayar, kuma zaren kaset ba ya jure zafi da ƙura da damina irin tamu. Shaihu Umar na Adamu Halilu, na 1976, ya tsira ne don a kan gwangwani aka yi shi, aka tsinto shi a wani tsohon ginin Hukumar Finafinai ta Nijeriya a Legas, aka gyara shi a Jamus, aka nuna a Berlin a 2018.

Don haka Yaya, ina da roƙo. Kwalin nan na kaset-kaset da ke ƙarƙashin gado a ɗakin zaure, wanda Inna ta ce za a ba masu gwangwan, don Allah a dakata. A ɗaga shi daga ƙasa, a raba shi da jikin bango, kada kowa ya gwada sa su a tsohuwar na'urar nan don tana cin zare. A sa Auta ta rubuta mini sunayen da ke jikin kowanne, da sunan kamfani in akwai, ta aiko. In na zo hutu zan taho da na'urar juyewa.

A gaida kowa da kowa. Sai wasiƙa ta gaba.