Daga Auduga zuwa Gwanjo: Tarihin Masaƙun Arewa da Abin da Ya Rage Mana

Duk wanda ya shiga Kasuwar Kure a nan Minna ana saura mako biyu Sallah ya san irin cunkoson da ake yi a layin 'yan yadi. Shadda da atamfa da leshi an jera su har sama, teloli kuma ba sa barci. Amma idan muka ɗaga bakin yadin muka duba inda aka yi shi, mafi yawa za mu tarar daga Sin ya fito ko Indiya, an sauke shi a Kwatano ko Legas, ya biyo ta Kantin Kwari na Kano kafin ya iso gare mu. A gefe guda kuma ga masu gwanjo suna kwance dila, samari suna zaɓen rigunan da wani ya saka ya gaji da su a Turai, da yawansu an ɗinka su ne a Bangaladesh. Matasanmu sun tashi sun tarar da haka, har suna zaton dama can haka muke. Iyayenmu sun san ba haka ba ne, shi ya sa muka ga ya dace mu waiwayi tarihin tufafi a ƙasarmu.

Tun kafin zuwan Turawa, saƙa da rini na cikin manyan sana'o'in ƙasar Hausa. Manomi ya noma auduga, mata su gurje ta, su shiɓe, su kaɗa zare da mazari. Masaƙi ya saƙa, a kai marina a turo shi da baba, daga nan a wuce mabuga a buge shi har ya yi ƙyalli. Kowane mataki akwai gidajen da ke ci daga gare shi. Marinar Ƙofar Mata a Kano tana nan har yau, garin Kura kuma ya yi suna wajen turkuɗi wanda Buzaye ke naɗawa a Sahara. Baturen Jamus ɗin nan Heinrich Barth, wanda aka fi sani da Abdulkarim, ya shiga Kano a 1851, ya kuma ƙiyasta cewa tufafin da ake fitarwa daga can a shekara sun kai na wuri miliyan 300, ana kai su har Timbuktu da Murzuk da Tarabulus. Mu ma a wannan yanki muna da kaso a ciki. Rigunan Nufawa na Bida, da irin aikin askar da ake musu, sun yi suna a kasuwannin Arewa, fatake kuma suna ɗauke da tufafi zuwa Gwanja su dawo da goro. A wancan zamani mu ne masu fitar da tufafi zuwa ƙasashen waje.

Da Turawan Ingila suka ci ƙasar, abin da ya fi jan hankalinsu shi ne audugar kanta. Masaƙun Lankasha suna neman inda za su samu auduga ba tare da dogaro da Amurka kaɗai ba, sai aka kafa ƙungiyar BCGA a Mancesta a 1902 domin bunƙasa nomanta a ƙasashen da Ingila ke mulka. Fatan samun audugar Arewa na cikin dalilan da suka sa aka shimfiɗa layin dogo daga Baro, a bakin Kwara, zuwa Kano, inda ya isa a 1911. Layin ya ratsa ta Minna, a nan ne kuma ya haɗu da wanda ya taso daga Legas ta Jebba da Zungeru. Wannan mahaɗa ita ta mayar da Minna gari, ita ta jawo kakanninmu da yawa daga Kano da Katsina da Zazzau da Sakkwato, leburori da 'yan kasuwa da malamai, suka zauna tare da Gwarawan da suka tarar. Ke nan tarihin zamanmu a garin nan ma yana da alaƙa da auduga.

Sai dai lissafin Turawa bai fita yadda suka so ba da farko. Masaƙan gida suna sayen auduga da farashin da ya fi na kamfanin Turawa, manoman Kano kuma suka ga gyaɗa ta fi riba, suka koma mata. Daga baya ne noman audugar fitarwa ya kafu a ƙasar Zazzau da kudancin Katsina da Zamfara, aka kafa injinan gurza a wurare irin su Zariya da Funtuwa da Gusau. Tsarin ya zama a kwashi auduga ɗanya a jirgin ƙasa, a saƙa ta a Ingila, a dawo mana da akoko da atamfa mu saya. A hankali masaƙin gargajiya ya fara rasa kasuwa.

Wannan tsari ne gwamnatin Jihar Arewa ƙarƙashin Sardauna Ahmadu Bello ta yi niyyar juyawa. A 1957 aka buɗe masaƙar Kaduna Textiles, wato KTL, a Kakuri, da haɗin gwiwar kamfanin David Whitehead na Ingila. Manufar a bayyane take: a saƙa audugar Arewa a Arewa. Cikin shekarun 1960 wasu suka biyo baya. Aka kafa Nortex, aka kafa Arewa Textiles da jarin Japanawa, sannan UNTL ta iyalan Cha na Hong Kong, wadda ta zama mafi girma a ƙasar. Gusau ta samu Zamfara Textiles, Funtuwa ta samu tata, a Kano kuma Bompai da Sharaɗa da Challawa suka cika da masana'antu, ciki har da masaƙun 'yan kasuwar gida irin su Bagauda da Gaskiya. A ƙarshen shekarun 1970 gwamnatin tarayya ta hana shigo da yadi daga waje, abin da ya ƙara wa masaƙun ƙarfi. Zuwa shekarun 1980 adadinsu a faɗin Nijeriya ya haura 150, kuma babu wani reshe na masana'antu da ya kai su ɗaukar ma'aikata.

Su wane ne waɗannan ma'aikata? Mafi yawansu maza ne matasa da suka gama firamare ko sakandare, daga kowane lungu na Arewa, musamman Binuwai da Filato da Kwara da kudancin Kaduna, har da 'yan wannan jiha da suka hau jirgin ƙasa daga Minna don neman aiki. Injina ba sa tsayawa, ana karɓa-karɓa dare da rana, idan aka tashi daga aiki kekuna su cika titin Kakuri. Albashin mutum ɗaya yana ciyar da gida guda, ya biya kuɗin makarantar ƙanne, ya aika wani abu ƙauye. Masu abinci da masu gidajen haya da direbobi da dillalan yadi duk a jikin masaƙa suke ci. Aikin ba mai sauƙi ba ne, akwai zafi da ƙarar inji da ƙurar auduga mai shiga ƙirji. Wannan ya sa ma'aikatan suka haɗa kai, a 1978 aka kafa ƙungiyarsu ta ƙasa mai hedikwata a Kaduna. Adams Oshiomhole, wanda ya fara aiki a Arewa Textiles, ya zama babban sakatarenta a 1982, daga baya ya shugabanci ƙungiyar ƙwadago ta ƙasa, ya kuma yi gwamnan Edo. Yadin da suke yi bai tsaya a Nijeriya ba, atamfarmu tana shiga Nijar da Chadi da Kamaru ta hannun 'yan kasuwa.

Rushewar ba a rana ɗaya ta zo ba. Da farashin man fetur ya faɗi a farkon shekarun 1980, kuɗin waje na sayen kayan gyara da sinadaran rini ya yi wuya. A 1986 aka shigo da shirin SAP, darajar naira ta karye, aka kuma rushe hukumar cinikin auduga. Hukumar tana da nata laifin wajen danne farashi, amma ita ce ke raba iri da kula da ingancin auduga, da ta tafi kuma ba a maye gurbinta da komai ba. Wutar lantarki ta zama sai an ga dama, baƙin man da ake hura tukunyar tururi da shi ya yi tsada saboda matatar Kaduna ta daina aiki yadda ya kamata. Abin takaici a nan shi ne madatsun Kainji da Shiroro duk a jiharmu suke, amma masana'antun da ke maƙwabtaka da su suka koma dogaro da janareta. Masaƙu da yawa kuma sun ci gaba da aiki da tsofaffin injina, waɗanda ke hannun gwamnati ga matsalar shugabanci.

Daga waje ma iska ta juya. Nijeriya ta shiga ƙungiyar ciniki ta duniya a 1995, a 1997 kuma aka ɗage haramcin shigo da yadi. Ko da aka dawo da shi daga baya, fasa-ƙwauri ta Kwatano da Maraɗi ya riga ya kafu, ana kwaikwayon zanen atamfarmu a Sin a sayar da ita da rahusa. Nan ya kamata mu faɗa wa kanmu gaskiya: da yawan masu shigo da kayan namu ne, masu saye kuma mu ne. KTL ta rufe a 2002, ma'aikatanta suka shafe shekaru suna bin haƙƙoƙinsu na sallama, wasu har suka rasu ba su karɓa ba. UNTL ta rufe masaƙarta ta Kaduna a 2007. Gwamnati ta ware naira biliyan 100 ta hannun Bankin Masana'antu don farfaɗo da harkar, a 2019 kuma Babban Banki ya hana masu shigo da yadi samun dala a hannunsa, amma bashi ba ya kawo wuta, ba ya kuma rufe iyaka.

A daidai shekarun da muke sauka, wata ƙasa da ta fi mu talauci tana hawa. Bangaladesh ba ta da man fetur irin namu, kusan duk audugar da take amfani da ita sayowa take yi, har daga maƙwabciyarmu Benin. A 1979 wani kamfaninsu mai suna Desh ya aika ma'aikata 130 zuwa Koriya ta Kudu su koyi ɗinkin masana'anta a kamfanin Daewoo. Da suka dawo, da yawansu suka fita suka buɗe nasu. Ƙasar ta ci moriyar tsarin kaso na cinikin tufafi da ya yi aiki a duniya daga 1974 zuwa ƙarshen 2004, gwamnati kuma ta bar masu ɗinki su shigo da yadi ba haraji muddin fitar da kayan za su yi. Yau tufafin da aka ɗinka su ne sama da kashi 80 cikin 100 na abin da ƙasar ke fitarwa, suna kawo mata fiye da dala biliyan 40 a shekara, mutum kimanin miliyan 4 ke aiki a ciki, mafi yawa mata.

Wannan nasara tana da tsada, kuma ma'aikata ne suka biya. Albashi kaɗan ne, mafi ƙarancinsa da aka tsayar a 2023 taka 12,500 ne a wata, ɗan sama da dala 100. Ranar 24 ga Afrilu 2013 ginin Rana Plaza da ke kusa da Dhaka ya rufta da masu ɗinki a ciki, mutum sama da 1,100 suka mutu, alhali an ga tsagewar bango tun kwana guda kafin nan. Ba irin wannan muke wa 'ya'yanmu fata ba. Ma'aikatan Kakuri, da ƙungiyarsu mai ƙarfi, sun samu kariyar da masu ɗinkin Dhaka suka daɗe ba su samu ba.

Babban bambancin da ke tsakaninmu da su shi ne, mu mun gina masaƙu masu yin yadi don kasuwar gida da aka killace, su kuma suka fara da ɗinki don kasuwar duniya, wanda ba ya bukatar jari mai yawa kuma yana ɗaukar mutane da yawa. Ko da Amurka ta buɗe ƙofa ga kayan Afirka da dokar AGOA a 2000, ƙananan ƙasashe irin su Lesotho ne suka amfana da ɗinki, mu muka ci gaba da tura ɗanyen mai. Ɗinkinmu ya tsaya a hannun teloli, kowa da kekensa a shagonsa.

To, su waɗannan teloli su ne jarin da ya rage a hannunmu. Babu unguwar da za ka shiga a Minna, daga Limawa zuwa Bosso zuwa Tunga, ba ka tarar da shagon tela da yara masu koyo ba, ga kuma mata masu ɗinki da ɗinkin hula a cikin gidaje. Ba za mu iya gyara wuta ko tsare iyaka daga zauren ƙungiya ba. Amma za mu iya haɗa teloli goma a wuri ɗaya su koyi yanka da awo iri ɗaya, su karɓi kwangilar kayan makarantun Islamiyya da na boko da muke da su, mu kuma nemi yadin gida idan za mu fitar da anko na biki. Za mu iya tambayar masu neman ƙuri'armu abin da suka tanadar wa manomin auduga da wutar masana'anta.

Akwai kuma dattawa a cikinmu da suka yi aiki a Kakuri ko Sharaɗa, ko suka yi fataucin yadi a jirgin ƙasa. Muna roƙon 'ya'yansu da jikokinsu su zauna da su, su ɗauki labarinsu a waya, su turo mana mu adana. Waɗanda suka riga mu gidan gaskiya daga cikinsu, Allah Ya jiƙansu, Ya kuma sa albarka a abin da suka bari.